Ciwon baya na neman raba ni da keken ɗinki: in koma gashin ƙashi ko in sayi kujera?

Telan Tudun Wada:
Salamu alaikum jama'a. Shekarata 12 ina ɗinki a Gusau, wata biyar ke nan ƙugu da wuya sun matsa mini, in na yi awa biyu kan keke sai na dafa bango kafin in miƙe. Na je sashen gashin ƙashi sau ɗaya. Likitan ya sa na zauna yadda nake zama a shago, ya ce benci na ya yi ƙasa, ina turo kai gaba kamar kunkuru. Ya ce in zo sau shida ya koya mini zama da motsa jiki. Kuɗin hannuna ₦40,000 ne, ga azumi tafe. In kashe su a can, ko in sayi kujera mai majingini? Ba na shan magani, ƙafata kuma ba ta mutuwa.

Baban Khalifa:
Ka samu wanzami ya yi maka ƙaho.

Direban Jega:
Bel ɗin baya za ka saya. ₦7,000 na sayi nawa, har yanzu da shi nake tuƙi.

Uwar Biyu:
Wane ₦7,000? ₦18,000 muka saya, kuma bai hana komai ba. Ƙanena, don Allah ka saurare ni. Maigidana ɗan dako ne, buhunan shinkafa yake ɗauka. Da ciwon ya fara, wani mai kemis ya riƙa haɗa mishi ƙwayoyi a leda, har da maganin ciwo Diclofenac, safe da dare, sau da yawa cikinshi ba komai. Shekara biyu a haka. Wata asuba ya yi aman jini, muka kwashe shi sai Sakkwato, aka ce gyambon ciki ne, maganin ya ci mishi ciki. Jini leda uku aka ƙara mishi. Na sayar da akuyoyina huɗu da keken saƙata. Bayan duk wannan ne aka nuna mishi ya riƙa durƙusawa da gwiwa, ya jawo buhu jikinshi kafin ya ɗaga, kar ya murɗa ƙugu da kaya a hannu. Abin da ba a biya ko sisi! Mai kemis ɗin ko sannu bai zo ya yi muna ba.

Baban Khalifa:
Subhanallahi. Allah ƙara lafiya, Hajiya.

Malama daga Argungu:
Amin. Ya jikin nashi yanzu?

Uwar Biyu:
Da sauƙi, amma yaji ya haramta gare shi, dakon ma rabi yake yi.

Ɗan Ƙaura:
Tela, ba benci ba ne, alhakin masu ɗinkin Sallar bara ne ya kama ka. Ka ba mutane kayansu ka ga ikon Allah 😂

Ɗalibin Fisiyo:
Ina aji huɗu a fannin fisiyo, wato gashin ƙashi. Kujera kaɗai ba ta gyara ɗabi'a, mutum na iya lanƙwashewa ko a kujerar gwamna. Tafin ƙafa ya zauna daidai, ƙugu ya ɗan fi gwiwa tsawo, ka matso da jikinka kusa da keke, ka ƙara haske don kar ka riƙa leƙa allura. Duk minti 30 ka tashi ka taka. Kwanciya kwana da kwanaki ƙara sandarar da baya take yi. In ka ji ƙafa na mutuwa ko fitsari na kuɓuce maka, asibiti a ranar.

Direban Jega:
Yaro, shekarata 25 ina tuƙi daga Jega zuwa Yawuri. Kai da ko takardar gamawa ba ka karɓa ba za ka koya muna zama?

Ɗalibin Fisiyo:
Baba, ba raini ba ne. Amma kai ka ce har yanzu da bel kake tuƙi.

Malama daga Argungu:
Ku bar yaron nan, gaskiya ya faɗa. Ni tawul nake naɗewa in sa a ƙuguna lokacin makin jarabawa. Gashi kuwa ₦3,000 na biya kowane zuwa.

Baban Khalifa:
Yaushe rabonki? ₦8,000 aka ce wa ƙanwata, ban da kati.

Telan Tudun Wada:
Na gode duka. Maganar haske ta taɓa ni, don shagona duhu gare shi, kuma keken ƙafa nake takawa tunda ba wuta. To gashin ko kujerar?

Ɗan Ƙaura:
Ai nan ne gizo ke saƙar. Mu kwana tara ba mu ga ƙyallin wuta ba, amma bil ya iso.

Direban Jega:
Ku da ke da taransifoma ma. Tamu ta ƙone tun damina, an karɓi ₦5,000 kowane gida, shiru kake ji.

Uwar Biyu:
Mu sau biyu aka karɓa. Wa ke da masaniyar farashin ƙaramar sola mai ɗaukar fanka da ƙwai biyu?