Wai me ya sa fim ɗin Galaxy Quest ba ya tsufa ne?

Ɗan_Karantina, Jidda:
Salamu alaikum jama'a. Jiya bayan isha'i na dawo daga aiki a gajiye tiɓis, yarona ya ce Baba zo ka ga wani tsohon fim, ashe Galaxy Quest ne na 1999 wanda na kalla a CD tun ina Kano kafin in zo ƙasar nan. Na zauna da niyyar minti goma, wallahi har shayina ya huce ban kurɓa ba. Abin da ya ɗaure min kai shi ne yaron nan shekararsa 13, bai ma san Star Trek, tsohon shirin talabijin na tafiya sararin samaniya da fim ɗin ke tsokana, ba amma yana ta ƙyaƙyatawa har da buga ƙafa. To wai mene ne sirrin? Ko dai ni ne tsufa ya sa nake ganin komai na da ya fi?

Ummu_Hanan, Makka:
Wa alaikumus salam Malam. Ai ba sai ka san Star Trek ba, in dai ka taɓa zama da wanda ya ɗauki wasan kwaikwayo da gaske to ka gama gane fim ɗin. Tsofaffin 'yan wasa ne da aka daina yayinsu suna yawon tarukan masoya suna sa hannu a hoto don abin cefane, sai ga wasu halittu daga sararin samaniya da suka kalli shirin nasu suka ɗauka tarihi ne na gaskiya, har sun ƙera jirgin sak yadda suka gani a talabijin, suka zo neman a cece su. Ni kakata nake tunawa, Allah ya jiƙanta. A Shari'u Mansur a nan Makka muke lokacin, in an sa fim ɗin Hausa aka nuno mugun miji sai ta matso gaban talabijin tana nuna shi da carbi tana cewa Allah ya isar wa yarinyar nan, ka ce mata Hajiya wasa ne fa, ta ce wasa da hawaye? Muna mata dariya amma mu ma ɗin idonmu ya cika.

Abu_Sadiq, Riyad:
Ni fa kuna zuzuta shi da yawa. Rabin farko ja yake yi, dodon dutsen nan kuma yanzu ko yaro ya san aikin kwamfuta ne. Alan Rickman, wanda ya fito a ɗaya daga cikin tsofaffin 'yan wasan, shi ne kawai ya riƙe fim ɗin, yadda yake ɗaure fuska da wannan kan roba kamar an masa dole. Shi kam na yarda, da ya rasu a 2016 na ji ba daɗi.

Bintu_M, Jidda:
Yaya Abu_Sadiq ka faɗi amsar da bakinka ai. A fim ɗin Rickman ya tsani kalmar nan ta tsohon shirinsu da ake sa shi maimaitawa a ko'ina, tun farkon fim yake guje mata, sai da wanda ya yarda da shi tsakani da Allah yake mutuwa a hannunsa sannan ya faɗe ta da zuciya ɗaya, kai da kake dariya ɗazu sai ka ji maƙogwaronka ya toshe. Kuma wa ya ceci jirgin? Yaron nan masoyin shirin da Tim Allen, jarumin fim ɗin, ya yi wa tsawa a taro, wanda ya haddace kowane lungu na jirgin, ana tsakiyar tashin hankali uwarsa na ƙwala masa kira ya je ya zubar da shara. An tsokani masoya amma ba a wulaƙanta su ba, shi ya sa su da kansu suka ba fim ɗin kyautar Hugo, wadda masoya ƙagaggun labaran kimiyya ke zaɓa, a 2000. Na je Comic Con, taron masoya fina-finai da katun, na farko da aka yi nan Jidda a 2017, tun ba a ma buɗe sinima ba sai 2018, na ga ƙato da gemunsa sanye da kayan jarumin katun yana ta zufa, da farko na so in yi dariya sai na tuna ni ma layin awa guda na bi don hoto.

Ɗan_Karantina, Jidda:
Hhhh Bintu kin tona kanki. Abu_Sadiq ka sake kallo ka dawo mu yi magana. Yanzu dai yaron ya matsa sai na nemo masa Star Trek ɗin na asali, wanne zan fara sa masa?