Haɗa Chapman a gida: abin da na tsinta a hirar 'yan uwa

Ranar Asabar muna zaune a gidan yayata a Rayfield, nan Jos, sai hira ta gangaro kan Chapman, jan abin shan nan da ba na bari ya wuce ni a wajen biki. Ga abin da na kwaso.

Babu gardama kan kayan haɗi: Fanta da Sprite rabi da rabi, grenadine (wani jan ruwan sukari mai kauri) don launi, lemun tsami, kokwamba da ƙanƙara. Yaya ta ce a fara cika babban kofi da ƙanƙara, a zuba grenadine cokali biyu, a matse lemun tsami, sannan lemun kwalba ya biyo a hankali ta gefen kofi. In ka gauraya da ƙarfi gas ɗin zai tsere, ka tashi da ruwan sukari kawai.

Inda aka ja daga shi ne Angostura bitters, wani ruwa mai ɗaci da ƙamshi wanda ake yi a Trinidad. Ɗigo uku ko huɗu ake sawa, amma kashi 44.7 cikin ɗari na abin da ke kwalbar barasa ce. Kawu ya ce ko ɗigo ɗaya ba zai shiga gidansa ba. Sai Inna ta kawo mafita: a tafasa kanumfari da 'yar citta da ɓawon lemun zaƙi, a tace, a bari ya huce. Na gwada. Ɗacin bai kai ba, amma ƙamshin ya fi kwanta min.

In grenadine ya yi tsada, a dafa zoɓo mai kauri da sukari. Kokwamba kuwa a yanka ta siriri, a bar ta ta jiƙa minti biyar kafin a sha.