Wa ke ɗaukar hotunan jiragen ruwan yaƙi da muke gani a labarai?

Mai_Kyamara:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni aikina ɗaukar bidiyo ne a gidan talabijin, akwai abin da ya daɗe yana ɗaure min kai. Hotunan nan da ake nunawa a labarai, jirgin sama na tashi daga kan jirgin ruwa a tsakiyar teku ko a harba makami mai linzami cikin dare, wai wa yake ɗaukarsu ne? 'Yan jarida ake bari su hau ko sojojin ne da kansu? Kuma in mutum ya samu damar hawa da kyamararsa me ya kamata ya shirya? Don Allah masu sani a taimaka, wallahi abin na raina sosai.

Tsohon_Edita:
Wa alaikumus salam ƙanina. Yawancinsu sojoji ne suke ɗauka, in ka lura da kusurwar allo za ka ga an rubuta daga rundunar sojan ruwa ya fito. A Amurka sana'a ce mai zaman kanta a cikin soja, a 2006 ne ma suka haɗe masu ɗaukar hoto da masu rubuta labari da masu zane da masu buga takardu suka zama aiki ɗaya, ana horar da su a makarantar DINFOS da ke jihar Maryland, to mutum ɗaya shi zai ɗauka shi zai rubuta shi zai tace, sannan a tura ta tauraron ɗan'adam, gidajen talabijin su kwasa kyauta tunda abin da ma'aikacin gwamnatin tarayyar Amurka ya yi a bakin aiki ba shi da haƙƙin mallaka. Abin ba yau aka fara ba, tun yaƙin duniya na biyu shahararren mai ɗaukar hoto Edward Steichen ya jagoranci masu ɗaukar hoto na sojan ruwansu.
Abin da nake dagewa a kai kullum shi ne a faɗa wa mai kallo inda hoton ya fito. Ba ƙarya ba ne hoton, amma mai kayan ne ya zaɓi abin da za ka gani, ba zai turo maka ranar da abu ya lalace ba.

Ummu_Hoto:
Baba ya gama magana a kan wannan, ni shirin zan taɓa. Babban abokin gabarka gishiri ne, ko ruwa bai taɓa ka ba iskar kanta na ɗauke da shi, kafin yamma za ka ga gilashin kyamara ya yi fari-fari, kar ka goge shi a bushe zai karce, ka fara da ƙyalle mai ɗan danshin ruwa mai daɗi. Sai kuma raɓa, cikin jirgi sanyin esi waje zafi da laima, kana fitowa gilashi zai yi hazo ka rasa abin da ka zo ɗauka, shi ya sa ake sa kyamara a leda a ɗaure har ta saba da zafin waje. Sandar nan mai ƙafa uku ba ta cika amfani ba don girgizar inji ta cikinta take hawa, gara ka riƙe a hannu ka buɗe ƙafa ka ɗan lanƙwasa gwiwa. Makirfo kuma dole ka sa masa riga in ba haka ba iska kawai za ka naɗo.
In jirgin mai ɗaukar jiragen sama ne to ko murfin gilashi kar ya faɗi ƙasa, injin jirgin sama na iya zuƙe shi, shi ya sa suke jeruwa suna tsince filin a ƙafa kafin a fara tashi. Da dare babu filasha sam, jar fitila suke kunnawa don kar ido ya daina gani a duhu.

Abu_Safwan:
Ni dai ban yarda ace tacewar soja duk ɓoye gaskiya ba ce. Hoton waya na ɗauke da bayanin wurin da aka ɗauke shi, kuma a 2018 manhajar motsa jiki ta Strava ta tona inda wasu sansanoni suke ba tare da kowa ya yi niyya ba. Har farfelar jirgin ƙarƙashin ruwa rufe ta ake yi in an fito da shi, don masana na iya gane irin ƙararsa daga siffarta. A yaƙin Falklands na 1982 tsakanin Birtaniya da Ajantina an hana wakilin BBC Brian Hanrahan faɗin adadin jiragen da suka kai hari daga jirgin ruwan Birtaniya mai ɗaukar jiragen sama HMS Hermes, sai ya ce ya ƙirga su da suka tashi kuma ya ƙirga su duka sun dawo, iyalai suka samu natsuwa abokan gaba ba su samu lamba ba.

Tsohon_Edita:
Haka ne Malam Abu, rai ya fi labari. Amma a wannan yaƙin dai sai da bidiyo ya riƙa yin makonni kafin ya isa Landan, mutane na jin rediyo babu hoto. Ƙanina in ka samu damar, kafin ka hau ka zauna da jami'in hulɗa da jama'a ya faɗa maka a rubuce abin da aka hana ɗauka da wanda zai duba memorinka, da kuma yaushe za a sake maka shi.

Mai_Kyamara:
Allah ya saka da alheri, na ƙaru wallahi. Anti Ummu batun jiri fa, ana iya leƙa kyamara jirgi na tangaɗi mutum bai yi amai ba?