Muhawara a kan karin maganar Indiyawa: "Shiva babu Shakti gawa ne"

Ɗalibin Kolkata: Assalamu alaikum, malamai da iyaye. A shekaru ukun da na yi ina karatu a birnin Kolkata na yankin Bengal a Indiya na sha jin wannan magana, kuma na fara jin ta ne a bakin mai shayin unguwarmu, wanda kowace safiya kafin ya ɗora tukunya yakan kunna turaren tsinke ya ajiye jan fure a gaban hoton Kali, ɗaya daga cikin allolin da mabiya addinin Hindu ke bauta wa. A hoton baƙar mace ce mai hannu huɗu, harshenta a waje, da sarƙar kawunan mutane a wuya, ta ɗora ƙafa a ƙirjin wani farin namiji da ke kwance. Da na tambaye shi wane ne a kwancen, sai ya ce mijinta ne Shiva, ya ƙara da cewa Shiva babu Shakti gawa ne. Ina so mu duba abin da take nufi, da inda ya dace a yi amfani da ita.

Hajiya Uwar Gida: Wa alaikumus salam, ɗana. Ni a ganina maganar a fili take, domin abin da kowace mai aure ta sani ne: namiji komai girmansa, idan babu macen da ke riƙe da gida, ba ya motsi. Na taɓa jin cewa harshen nan da ta zaro na kunya ne, wai tana cikin fushin yaƙi ta taka mijinta ba ta sani ba, da ta lura sai ta ciji harshe. Idan haka ne, ai tarbiyya ake koya wa mata da maza gaba ɗaya.

Malam Mai Nahawu: Hajiya, bayanin kunyar nan sananne ne a gidajen mutanen Bengal, kuma ba ki yi kuskure ba da kika kawo shi, sai dai karin maganar ta fi haka zurfi, kuma zurfin yana cikin harafi. A rubutun Sanskrit, tsohon harshen littattafan addininsu, idan aka cire alamar wasalin "i" daga sunan Shiva, abin da ya rage sai a karanta shi "shava", wato gawa. Duk wanda ya yi karatun allo ya san yadda wasali guda yake juya kalma. To su masu bin Tantra, wani tafarkin ibada a addinin Hindu, suna cewa wannan wasalin shi ne Shakti, wato ƙarfin da ke motsa komai, wanda Kali take wakilta a hoton, Shiva kuwa shi ne tsantsar sani wanda ba ya aikata komai da kansa. Saboda haka mai neman kusanci a wurinsu ba ga wanda ke kwance yake fara zuwa ba, ga wadda ke tsaye yake zuwa, yana kiran ta "Ma", wato uwa. Harshen ma suna da wata fassararsa: fararen haƙora su ne tsarkin zuciya, jan harshe shi ne kwaɗayi da rashin natsuwa, kuma haƙoran ne suke danne shi.

Baba Na-Zariya: Allah ya gafarta malam, na amfana, amma ina da ja a kan amfani da ita. Wannan magana ɗauke take da aƙidar da mu Musulmi ba mu yarda da ita ba, don haka sanin ma'anarta daban, ɗaukar ta a baki daban. Idan nufin shi ne abu biyu da ba sa rabuwa, muna da tamu: ba a raba hanta da jini.

Ɗalibin Kolkata: Baba, na yarda da kai cewa ba maganar da za mu ara mu riƙa yi a tsakaninmu ba ce, kuma ban kawo ta don haka ba. Amma hanta da jini ba ta ɗauke duk nauyinta ba, domin a nan an fifita ɓangare ɗaya, kuma wanda aka fifita shi ne mai ban tsoro. Abin da ya daɗe yana damuna ke nan: me ya sa mai neman natsuwa zai zaɓi irin wannan siffa ya kira ta uwa? Ba Kali kaɗai ba ce. Su goma ne ake haɗawa a kira su Mahavidya, wato manyan ilimomi. A cikinsu akwai Chhinnamasta, wadda ake zana ta ta sare kanta da hannunta, jini yana fita hanya uku, biyu suna ciyar da hadimanta, ɗaya yana shiga bakinta. Akwai Dhumavati, tsohuwa wadda miji ya mutu ya bari, riƙe da faifan sheƙe hatsi, hankaka ne tambarinta. Akwai Matangi, wadda ake miƙa wa ragowar abinci, abin da Bahindu mai kiyaye tsarki ba ya ko taɓawa. Na taɓa zuwa Tarapith a gundumar Birbhum ta Bengal, inda ake bauta wa Tara, ita ma ɗaya daga cikin goman, na ga masu zuhudu shafe da toka suna zaune a filin ƙona gawa da ke gefen wurin bautar, hayaƙi yana bi ta kansu, ba wanda ya kau da fuska.

Malam Mai Nahawu: Amsar tambayarka tana cikin hannuwan nan huɗu da ka gani a hoton mai shayi. Biyu na hagu suna riƙe da takobi da yankakken kai, biyu na dama kuwa ɗaya yana nuna "kada ka ji tsoro", ɗaya yana miƙa kyauta. A fahimtarsu, ikon da ke haifarwa shi ne ke kashewa, kuma wanda ya karɓi rabin da ke masa daɗi ya guji ɗaya rabin bai san uwar ba tukuna. Kan da aka yanke girman kai ne na mai bautar. Kawunan wuyanta ma ana ƙirga su 50 ko 51, adadin haruffan Sanskrit, ka ga mun sake komawa ga harafi. Game da ja-in-jarku da Baba kuwa, Ramakrishna, wani shahararren mai bautar Kali wanda ya yi hidima a wurin bautarta na Dakshineswar kusa da Kolkata, wanda wata attajira mai suna Rani Rashmoni ta buɗe a 1855, kuma ya rasu a 1886, yakan ce Shakti da ainihin da ba ya motsi, wanda ya kira Brahman, kamar wuta da ƙunarta suke, ba a tunanin ɗaya babu ɗaya. Ta wannan fuska Baba bai yi nisa da su ba.

Hajiya Uwar Gida: Duk da haka, Malam, ban janye tawa ba. Talakan da ya faɗa wa ɗana wannan magana ba nahawu yake tunani ba, uwarsa da matarsa yake gani. An ce ma a wurin bautar Kamakhya da ke kan dutsen Nilachal a birnin Guwahati babu gunki a cikin ɗakin, sai tsagar dutse da ruwa ke tsattsafowa, kuma duk shekara a watan Yuni ana rufe wurin kwana uku wai uwar tana al'ada. Mutanen da suka girmama wannan hali na mace har haka, ba za a ce karin maganarsu ba ta shafi matan gida ba.

Ɗalibin Kolkata: Gaskiya ne, Hajiya, domin na sake jin ta a bakin mai shayin nan a ranar da matarsa ta kwanta asibiti. Ya buɗe shago, amma har rana ta ɗaga bai hura wuta ba, yana zaune a kan benci da kwandon jan furen a cinyarsa.