Tambaya: jel mai haske da ke jin zafin jiki, yaya yake aiki?

Ɗalibar_Famasi: Salam 'yan uwa. Dan Allah a taimaka, malaminmu ya ba mu aiki a kan haidirojel mai fitar da haske kuma mai jin zafi, na karanta har kaina ya ɗau caji. Wai wata 'yar fitila ake sawa a ciki ne? Kuma ana amfani da shi a asibiti ko duk a takarda ne?

Ɗan_Lab: Wa alaikissalam ƙanwata, babu wata fitila. Haidirojel dai abu ne mai shan ruwa ya kumbura bai narke ba, irinsa ne a cikin famfas ɗin yara. Wanda aka fi sani a masu jin zafi shi ne PNIPAM, ƙasa da digiri 32 yana kumbure da ruwa, da ya haura haka sai ya tsuke ya matso ruwan waje, to jikin mutum kuma 37 ne, kin ga in an jiƙa shi da magani zafin jiki kaɗai ya isa ya sa ya sake shi. Hasken kuwa sinadari ake haɗawa, yurofiyom na ba da ja, tabiyom kore, sai an haska su tukuna su mayar da nasu, kuma in jel ɗin ya tsuke ƙarfin hasken na canzawa, daga nan ake gane zafin wurin.

Mai_Kemis: Malam ka bar mata rabin zance ai. Wani nau'in ma a sanyi ruwa ne tsululu, sai ya shiga jiki ya daskare, man shanu a juye kenan. Wannan kam ya shiga asibiti, a 2020 hukumar FDA ta Amurka ta amince da Jelmyto, maganin kansar hanyar fitsari ta sama, jel ɗin ke riƙe maganin a wurin kada fitsari ya wanke shi nan take. Amma mai hasken yawanci yana lab har yanzu, PNIPAM ba ya ruɓewa a jiki, wasu ƙwayoyin hasken kuma akwai kadmiyom ciki, guba ce.

Ɗalibar_Famasi: Toh in yana can cikin jiki wa zai ga hasken?

Ɗan_Lab: Yauwa, nan gizo ke saƙar. UV, wato hasken da ido ba ya gani da ake haska sinadaran da shi, ba ya ratsa nama sosai, shi ya sa masu bincike suka fi son hasken da ke dab da infared, wato na gaba da ja wanda shi ma ido ba ya gani, da kyamara ta musamman ake kama shi. Ki sa wannan a aikin naki, wlh malamin sai ya tambaya.