Karen fim ɗin kaboyi, Rintintin: da gaske kare na tsare mutum haka?

Ɗan Garin Malam:
Salamu alaikum jama'a. Jiya da dare kuran ya ɗauke a unguwarmu sai na zauna kan tabarma da Baba muna kallon wani tsohon fim ɗin kaboyi a wayata, Rintintin, irin marar kalar nan. Labarin wani yaro ne maraya Rusty da sojojin doki suka riƙe a barikinsu na Fort Apache a Amurka shi da karensa. Abin da ya tsaya mini a rai, duk sanda mugu ya nufo yaron sai karen nan ya shiga tsakani ya tada gashin wuya yana gurnani, wani lokacin ma ya ruga bariki ya janyo sojoji. Don Allah kare na yin haka da gaske ko aikin masu fim ne kawai? Ni dai na taso ina jifan karnuka, jiya sai na ji ba daɗi wallahi.

Malam na Zengo:
Wa alaikumus salam ɗana. Biyu ne abin. Na fim koyarwa ce, mai horon yana tsaye bayan kamara yana yi masa alama da hannu, kuma ba kare ɗaya ba ne ya yi wasan. An nuna shirin a talabijin daga 1954 zuwa 1959. Shi Rintintin na asali wani sojan Amurka Lee Duncan ne ya tsince shi yana ɗan kwikwiyo a Faransa a 1918 lokacin yaƙin duniya na farko, ya kai shi gida ya horar da shi har ya yi suna a sinima, ya mutu a 1932, ka ga bai ma ga zamanin talabijin ba. Amma shiga tsakanin nan da ka gani ba ƙarya ba ne, irin karen Jamus ne, asalinsa karen kiwon tumaki, tsaro a jininsa yake. Zuwa kiran sojoji ne dai aka ƙara gishiri.

Maman Ummi:
Ƙanena ni ba labari aka ba ni ba, da idona na gani. Muna yara a garkar kakanmu wajen Mirriya akwai wata jar karya, ko suna ba ta da shi, ƙanzon tuwo kawai ake zuba mata a sakaina. Ran nan ƙaramarmu tana rarrafe ta nufi gindin rijiya inda ake tara ganyen rake, sai karyar nan ta taso ta tare gabanta tana ture ta da kai tana haushi, Inna har ta ɗauko muciya za ta maka mata don ta zaci cizon yarinyar za ta yi, ashe kububuwa ce kwance cikin ganyen. Karyar ba ta matsa ba sai da kaka ya zo da sanda. Daga ranar Inna da kanta take zuba mata abinci, ranar da ta mutu kuma ta yi hawaye.

Bahaushen Birni:
Yaya Allah ya kyauta, jikina har ya yi sanyi. Ku je rugar Fulani ko zangon Buzaye da dare ku ga in za ku iya kusantar garke, siraran karnukan Azawak ɗin nan ba sa wasa da baƙo. Kuma addini bai hana ajiye karen kiwo da na farauta da na gona ba, jifan nan da yara ke yi ba shi da tushe. Inda ban yarda da masu kaboyi ba shi ne doki, kamar Silver, dokin wani jarumin fim ɗin kaboyi Lone Ranger, da ke ceton ubangijinsa. Gidanmu an yi kiwon doki na hawan sallah, doki in ya ji abu kunne zai tada ya yi firji ya ƙi gaba, to ya faɗa maka ke nan, amma shi gudu ya sani.

Ɗan Garin Malam:
Na gode ƙwarai Malam, na gode Yaya. Na karanta wa Baba labarin karyar ya yi shiru can ya ce su ma sun yi irinta a gona. Ya ce in nemo masa wani kashin yau bayan isha'i, bari in kai wayar caji.