Likita ya ce in fara iyo amma wandon ne matsalata, 'yan Zariya ku ba ni shawara

Baban Sadik: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekarata 38, wata bakwai kenan gwiwata ta dama na damuna, likita ya ce in rage ƙiba amma ya hana ni gudu da ƙwallo, ya ce iyo zai fi min tunda ruwa ke ɗaukar nauyin jiki. Na samu wani wuri a nan gari da ake koyar da manya da safe, sai kocin ya ce ba a shiga da wandon auduga ko tirikwata, dole sai wandon iyo. Ran Asabar na zaga 'yan gwanjo a Sabon Gari, duk wanda aka miƙo min ɗan ƙaramin nan ne kamar kamfai. Na sayi ɗaya na kulle ɗaki na gwada, wlh ban iya minti ɗaya gaban madubi ba, tumbi ya rufe igiyar wandon gaba ɗaya. Ran Litinin ya kamata in biya kuɗin wata. Akwai mai saukowa har gwiwa da za su yarda da shi? A ina, nawa? Kuma masu jiki irin nawa da suka taɓa shiga, ya kuka yi da idon mutane?

Ɗan Gyellesu: Malam ka bar wahalar da kanka, ka riƙa gudu bayan asuba daga Kongo zuwa Ƙofar Doka, wata biyu tumbin zai zube.

Baban Sadik: Ɗan uwa na ce gudun aka hana ni.

Na Hanwa: Mu a Kubanni muka koya ba ko sisi, kuma da wandon makaranta.

Ummu Hanif: Ku ne kuka yi ta fitsarin jini ai. Ƙannena biyu tsargiya suka kwaso a irin wannan wankan rafin, kar ka tura bawan Allah can.

Mai Usur: Yaya abin da kake nema akwai, jama ake ce masa, yana kama jiki daga ƙugu zuwa saman gwiwa kamar na masu tseren keke. Na yi iyo lokacin ina makaranta. Ƙaramin da ka saya shi mutane ke kira Speedo, alhali sunan kamfani ne da aka kafa a Ostareliya kuma suna yin dogon ma. A gasar duniya ta 2009 a Rum an karya tarihi 43 saboda rigunan roba masu rufe jiki duka, shi ya sa daga 2010 hukumar iyo ta duniya ta ce na maza kar ya haura cibiya kar ya wuce gwiwa. Ka ga dogon da kake so shi 'yan gasa ke sawa, ba kocin da zai hana ka. Audugar da suka ƙi kuma tana shan ruwa ta yi nauyi, zarenta na toshe matatar ruwan. Ka nemi na foliyesta, ya fi jure kulorin, sinadarin da ake zuba wa ruwan. Na sayi nawa 9,000 a Kaduna.

Ɗan Gwanjo: 9,000?? An yanke ka oga. Ran da aka fasa dila 2,500 ne, sai dai ka yi sammako.

Na Kwangila: Ƙarya ne, watan jiya 4,000 aka ce min kuma robar ƙugun ta mutu. Ta intanet na gani 17,000 ban da kuɗin kawowa.

Ɗan Gwanjo: To da wane kaya ka je? In suka ga shadda da makullin mota dole su ninka.

Na Tudun Wada: Baban Sadik ni ba zan ce ka je ko kar ka je ba, ga dai abin da ya same ni. Tun da na balaga ƙirjina ya fito kamar na mace, ko a gida ban taɓa zama ba singileti ba, ko a zafin watan Afrilu da kowa ke kwana a waje. Shekara uku da suka wuce washegarin sallah abokai suka ja ni wani otal, na shiga ruwa da singiletina sai mai kula da wurin ya busa usur ya ce in cire ko in fita, kowa ya juyo, kunya ta sa na cire na nutse har wuya ban ƙara motsi ba. Ashe da na zo fitowa ta tsanin nan wani yaro ya ɗauke ni bidiyo, sakan goma sha ɗaya, ya sa a status ya rubuta a saya wa anti bireziya. Kafin Isha ya shiga guruf ɗin 'yan ajinmu, mutanen da muka ci kwano ɗaya da su suna ta tura alamar dariya. Lokacin an kai kuɗin gaisuwata. Ƙawayen yarinyar da zan aura suka tura mata, ta daina ɗaga waya, bayan sati biyu kawunta ya kawo wa babana kuɗin a ambulan ya ce yarinya ta ce a yi haƙuri. Babana bai tambaye ni komai ba, ya ajiye ambulan ɗin kan tabarma ya tashi ya shiga ciki. Har yau in na ga an ɗaga waya a taro sai na harɗe hannu a ƙirji ban sani ba.

Ummu Hanif: Innalillahi. Allah ya saka maka ɗan uwana, wlh na yi hawaye. Wadda ta gudu don wannan ba matar rufin asiri ba ce.

Sarkin Raha: Allah ya kyauta, amma Baban Sadik kai kar ka damu, kana faɗawa ruwan zai yi ambaliya kowa ya gudu ka samu fili kai kaɗai 😂

Na Tudun Wada: Irin wannan dariyar aka fara yi min, Malam.

Sarkin Raha: Afuwan Yaya, wasa nake.

Mai Usur: Na Tudun Wada abin yana da suna a asibiti kuma ya yi yawa a maza fiye da yadda kake zato, ka ga likita, wani ana yi masa aiki.

Na Tudun Wada: Na sani, an faɗa min kuɗin aikin, ba ni da shi.

Abu Ammar: Duk kun bar asalin maganar. Al'aurar namiji daga cibiya zuwa gwiwa ce, wannan ƙaramin bai halatta a gaban mutane ba ko kana da tumbi ko cikinka a shafe yake. Dogon ma in ya matse yana siffanta jiki, ya ɗora wani sakakke a kai.

Na Kwangila: Ustaz a Malikiyya ai an raba, akwai al'aura mai tsanani akwai mai sauƙi, cinya tana cikin mai sauƙi. Kuma mutum lalura ce ta kai shi.

Abu Ammar: Mai sauƙi ba ta nufin a buɗe ta. A ina ka yi karatu?

Na Kwangila: A zaure cikin birni, gaban malamin da ya girmi babanka. Kai ka taɓa shiga ruwan da ya wuce na buta?

Mai Usur: Sakakken ne fa aka ce ba a yarda da shi ba Ustaz. A Faransa ma yawancin wuraren iyo na gwamnati haka suke, sun ce mutum na iya yawo da shi a titi ya shigo musu da datti.

Abu Ammar: Nan Zazzau ce ba Faransa ba.

Malamin Firamare: Ni abin da Ɗan Gwanjo ya faɗa ne ya tsaya min. Garin nan kaya ake gaisarwa. Na kai ɗana wani wurin iyo da hutu, na je a kan mashin ɗina da silifas, maigadi ya tare ni ya ce wurin na membobi ne, ina tsaye wani ya shigo da mota baƙin gilashi ko tambayarsa ba a yi ba har da sara masa. Yaron ya ce Baba me ya sa mu ba za mu shiga ba, na rasa amsa. Kuɗin shigan na aljihuna fa.

Ummu Hanif: Mu mata mun fi ku sani. In kina da jiki a ce kin cika gida, in ba ki da shi dangin miji su ce ko ciwo gare ki, ƙanwata har maganin ƙiba ta sha kafin biki saboda maganar uwar miji, fuskarta ta kumbura.

Ɗan Gyellesu: Hajiya ku ma kuna yi, sau biyu ana ƙi na wai na cika gajarta.

Ummu Hanif: Su wa suka fara tambayar fara ce ko baƙa kafin su tambayi halinta?

Baban Sadik: Na gode duka. Na Tudun Wada na kasa barci da labarinka, zan tambayi kocin ko suna hana ɗaga waya a bakin ruwa, in ba sa hanawa ban san ko zan biya ba. Ɗan Gwanjo wace rana ake fasa dilar, kuma ana samun ƙugu 42?

Malamin Firamare: Ko sun ce suna hanawa, ɗan mai baƙin gilashin nan wa zai karɓe wa waya?